Shingen katako daga ƙafa yake mutuwa: nazarin gyaran wani shinge a Hotoro

Shingen da za a yi magana a kansa yana cikin wani gida ne a unguwar Hotoro, a birnin Kano. Ba shi ne katangar gidan ba, katangar ta bulo ce kamar ta kowa. Wannan na ciki ne, an yi shi ya raba lambu da sauran farfajiya, ya kuma tare raguna kada su faɗa wa shuka. Tsawonsa ƙafa 72, wajen mita 22 ke nan, tsayinsa ƙafa 5, kuma ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa. Dirkoki 13 gare shi na fo-bai-fo, wato inci 4 kowane gefe, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 6, don a 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo ƙafa 12 ake samun katako, kafinta ya raba biyu ya huta da asara. Gicciye biyu na tu-bai-tiri, wato inci 2 da inci 3, sama da ƙasa, sai falankai masu faɗin inci 4 a jere. Damina huɗu ya gani.

Koken maigidan guda uku ne: shingen ya karkata, ƙofarsa tana jan ƙasa, fenti kuma yana ɓarewa duk da cewa kowace shekara kafin Babbar Sallah sai an sake shafa masa. Shi a ganinsa fentin ne ba mai kyau ba, a nemo mai tsada. Da aka duba, fentin shi ne ƙaramin abu a cikin lamarin.

Abin da tono ya nuna

Ba a duba shinge da ido daga nesa. An bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya, an girgiza kowace, an ƙwanƙwasa ta da guduma daga sama har ƙasa ana sauraron ƙara, sannan aka tone gindinta kamar inci 8 aka soka mata sukudireba. Katako mai lafiya ƙara yake yi tas, bakin ƙarfe kuma ba ya shiga. Wanda ya lalace ƙararsa a dushe take, sukudireba ta nutse ba sai an danna ba.

Dirkoki huɗu na kudu, inda kunyoyin alayyahu da latas suke, sun ruɓe a daidai fuskar ƙasa. Sama garau, can ƙasan rami ma da sauran ƙwari, amma daga inci 2 sama da ƙasa zuwa inci 6 a cikinta katakon ya zama ruwan ƙasa, yana marmashewa gunduwa-gunduwa. Nan ne wurin da dirka ke mutuwa a ko'ina, domin nan ne laima da iska suke haɗuwa, su ne kuma abin da ƙwayoyin ruɓa ke bukata. Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa. A Kano watanni bakwai ko takwas na shekara katako a bushe yake ƙayau, shi ya sa shinge a nan ya kamata ya fi na kudancin ƙasar daɗewa. Amma waɗannan huɗun ba su taɓa ganin rani ba: mai ban ruwa yana jiƙa su da tiyo safe da yamma, an kuma tara ƙasa da taki har sun binne ƙasan falankai.

Akwai wani abu kuma. Wanda ya kafa su ya zuba kankare ne ya lulluɓe gindin har ta ƙasa, ya bar samansa a shafe, ƙasa ta zo ta rufe. Da hunturu ya busa katakon ya tsuke, sai tsaga ta buɗe tsakaninsa da kankaren. Ruwa ya shiga ta nan, ba shi da mafita. Kankaren ya zama ƙoƙo, dirka tana zaune cikin ruwa.

Uku na tsakiya gara ce ta ci su. Cin gara daban yake da ruɓa, kuma dole a bambanta, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Gara tana cinye ciki ta bar fata sirit da fentin a kai, ta cika ramin da jar ƙasa, ta gina hanyarta ta laka a jikin katako, galibi ta bayan gicciye inda ido ba ya kaiwa. Da aka bi hanyar sai ta kai ga kututturen darbejiya da aka sare tun lokacin gini aka binne, ƙafa 4 daga shingen. Kusa da shi kuma an jingina itacen girki a jikin falankai. A daidai wurin ne indararon ɗakin maigadi yake zubowa. Abinci, laima da inuwa duk an haɗa mata wuri guda.

Biyu na ƙarshe ta arewa, wajen garken raguna, ruɓa ce haɗe da turi. Kashi da fitsari sun taru a gindi, bahon ruwansu yana nan jikin shinge, ragunan kuma suna soshe jikinsu da shi har ƙusoshi sun yi sako-sako. Saura huɗu lafiyarsu ƙalau. Su ne waɗanda suka faɗo a busasshen wuri, kuma da aka kankare su an ga zuciyar jan katako ce tsantsa.

Wannan batu na zuciya da gefe ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne inda ake cutuwa tun a kasuwa. Kowane gungume yana da zuciya mai duhu a tsakiya da farin nama a gefe, kusa da ɓawo. Ƙarfin da ake yabon loko ko maɗaci ko kawo da shi wajen jure gara da ruɓa a zuciyar yake. Farin gefensu ba shi da wannan, ƙwaro yana cinsa kamar kowane farin katako. To mutum zai biya kuɗin jan katako, a ba shi wanda kusurwarsa ɗaya ko biyu fari ne, ta nan ɓarna za ta fara. Shida daga cikin dirkoki taran da suka lalace duk suna da wannan farin gefe. Falankan kuwa farin katako ne baki ɗaya, irin su obece da ake yin silin da kayan ɗaki da su, waɗanda ba a yi su don ruwa da rana ba. Wasunsu har da ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba, aikin ƙwaron da ke bin sitacin farin nama.

Sai fentin. Fentin mai ne mai sheƙi, an yi ta ɗora sabo kan tsoho ba a kankare ba, kuma fuskar da ake gani daga farfajiya kaɗai ake shafawa. Kan falanki da ƙasansa, wato wurin da zarto ya yanka, ba a taɓa shafa musu komai ba, alhali ta nan katako ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba, domin jijiyoyinsa a tsaye suke, bakinsu a buɗe. Ruwa ya shiga ta kai da ta baya, ya zo fita ta gaba ya tarar da fenti, sai ya ɗaga shi. Ga kuma kumbura da tsukewa: a watan Agusta katako ya sha laima ya buɗe, a Janairu ya tsuke, fenti mai tauri ba ya iya bin wannan kai-kawo, sai ya tsage. Da yake shingen kudu da arewa ya miƙe, fuskar gabas ce ke shan dukan hadari, tunda hadarin Kano daga gabas yake tasowa, ta yamma kuma rana ce ke gasa ta daga azahar zuwa la'asar.

Shawarar da aka tsaya a kai

Hanyoyi uku ne a gaba: a rushe a sake sabo, a canza dirkokin da suka mutu a sake binne sababbi yadda aka yi da farko, ko a raba katakon da ƙasa gaba ɗaya. Ta farko asara ce, don gicciyen sama da mafi yawan falankai suna da sauran rai. Ta biyu ita ce mafi araha a yau, ita ce kuma za ta dawo da aikin bayan damina uku ko huɗu. Aka ɗauki ta uku ga dirkoki taran, aka bar huɗun masu lafiya a inda suke da ɗan gyara.

An raba aikin gida biyu saboda yanayi. Aikin ƙafa, wato tono da kankare da maganin gara, an yi shi a watan Nuwamba, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta yi taurin da za ta gagari diga ba. Shafe kuwa an jinkirta shi zuwa Maris, lokacin da katako ya gama bushewa, ƙurar hunturu ta lafa, ruwan farko bai sauka ba. Mai shafa a tsakiyar hunturu ƙura yake liƙawa, mai shafa a damina ruwa yake rufewa a ciki.

Aikin ƙafa

An tokare shingen da katako ta ɓangarori biyu, ana cire dirka ɗaya a bar ɗaya, kada ya kife. Kowane rami ƙafa 1 faɗi, ƙafa 1 tsawo, ƙafa 2 zurfi, an fasa tsohon kankaren an fitar. Mai walda ya yanko ƙarfen angul mai faɗin inci 2, kaurin milimita 5, tsawon ƙafa 3, biyu ga kowace dirka, ya huda kowane wuri biyu, ya liƙa ɗan guntun rodi a gindi don ya kama kankare. An shafa musu jan fentin nan mai hana tsatsa sau biyu. Kusan ƙafa 1 da inci 8 yana cikin kankare, sauran yana sama yana rungume da dirka ta kusurwa biyu masu kallon juna.

Kwaɓin kankaren 1:2:4 ne, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Buhu ɗaya yana cika kusan rami uku irin wannan, tara ke nan buhu 3, amma an sayi 4 don rami ba ya fita daidai awo. An ɗaga kan kankaren inci 3 sama da ƙasa, aka yi masa gangare ta kowane gefe yadda ruwa ba zai kwanta ba. An lulluɓe shi da tsohon buhu ana jiƙawa kwana 7. A iskar Nuwamba wanda bai yi haka ba zai tarar da samansa ya tsattsage yana gari.

Dirkoki shidan da ruɓarsu a gindi ta tsaya ba a yar da su ba. An yanke ruɓar, an ƙara inci 2 cikin lafiyayyen katako, abin da ya rage ya isa tsayin shingen tunda yanzu ba binnewa za a yi ba. Ukun da gara ta ratsa har sama an canza su da sababbi, zuciya zalla, an juya kowace fuska huɗu a kasuwa kafin a biya. Duk taran an tsoma yankakken gindinsu cikin bokitin maganin katako, irin su Solignum, kwana ɗaya cur. Shafawa da buroshi milimita ɗaya ko biyu take shiga, tsomawa ce ke sa bakin jijiya ya zuƙa da kansa. Turakun lantarki na katako da ake gani suna shekaru, da matsin inji ake cusa musu magani, ba abin da za a iya yi a tsakar gida ba ne, don haka kada a ɗauka shafe ɗaya ya kai su. Daga nan aka ɗora kowace dirka inci 2 sama da kankare, aka daidaita ta da igiya mai nauyi, aka ɗaure da noti biyu na milimita 12 da wosha.

Wannan tazara ta inci 2 ita ce ribar aikin duka. Iska tana ratsawa, gindin yana bushewa bayan kowane ruwa. Gara kuma ba ta cin ƙarfe ko kankare. In tana son katakon dole ta gina hanyarta a fili, inda mai shara zai gani.

Huɗun da aka bari an tone musu ƙafa 1, an bar su a buɗe mako biyu sun sha iska, an shafa magani sau uku, sannan kwalta daga ƙasan ramin zuwa inci 6 sama da fuskar ƙasa, aka cike da tsakuwa maimakon laka. Kwalta kan jiƙaƙƙen katako cuta ce, rufe ruwan take yi a ciki.

Gara da maganinta

An fara da hana ta abinci: an tone kututturen darbejiyar da saiwoyinsa, an ɗauke itacen girki an ɗora shi kan bulo nesa da shinge, an kwashe guntayen katakon da kafintan farko ya binne a ramuka. Sannan aka haƙa ɗan lambatu mai faɗin inci 6 a ɓangaren tsakiya, aka zuba maganin gara na ƙasa mai lambar NAFDAC, irin mai sinadarin fifronil ko imidakulofirid, waɗanda gara ba ta jin warinsu ta guje, sai ta bi ta kwasa ta kai gida. Yawan ruwan da ake haɗawa na jikin kwalbar ne, ba na ƙiyasi ba. Abin da aka saba zubawa na haɗaɗɗen kusan lita 5 ne a kowace mita, ana mayar da ƙasar ana jiƙa ta a hankali.

Ba a zuba shi a gefen kunyoyi ba, ba a kuma zuba kusa da rijiyar gidan ba. A can an dogara da ƙarfe da tazara, aka ja kunyoyin baya ƙafa 2, aka shimfiɗa tsakuwa a tsakani, aka ce wa mai ban ruwa ya riƙa juya wa shingen baya. Gamalin, maganin ƙwarin da tsofaffin kafintoci ke ambato, ba ya cikin lissafi. Sinadarinsa, lindan, ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta hana tun 2009.

Baƙin mai fa? Shi ne abin da kowa zai fara ba da shawara, kuma yana korar ruwa na ɗan lokaci, ba a musu. Amma ba maganin ruɓa ba ne, yana ɗauke da dattin inji da ƙarafa masu guba, yana narkewa a zafin Afrilu ya ɓata tufa, yana zirara cikin ƙasa, kuma katakon da ya sha shi ba zai ƙara riƙe fenti ba. A gidan da ake cin ganyen lambu, ake shan rijiya, raguna kuma suna lasar shinge, bai dace ba.

Falankai, ƙusa da shafe

An datse ƙasan falankai duka yadda kowane ya tashi inci 2 daga ƙasa, inda kaji za su iya kutsawa aka sa ragar waya. An yanke kawunansu a karkace don ruwa ya zame, an yi wa kowace dirka hula da guntun kwano. Falankai 17 da gicciyen ƙasa uku sun wuce gyara, an canza su. Tsofaffin ƙusoshi baƙin ƙarfe ne, sun yi tsatsa sun zubo da baƙin layi a jikin katako, ramukansu sun buɗe suna shan ruwa. An maye su da masu rufin tutiya, waɗanda a Ƙofar Ruwa ake ce wa galbanaiz, inci 2 da rabi, biyu a kowace mahaɗa, inci 1 daga baki. Kusa da ƙarshen falanki sai an fara hudawa, in ba haka ba busasshen katako tsagewa yake yi. An bar tazarar rabin inci tsakanin falankai, don wanda aka kafa a rani zai kumbura a damina, in ba wuri sai ya banƙare ya tuge ƙusa. Ƙofar kuwa tokararta ce aka sa a juye. An mayar da ita ta tashi daga hinjin ƙasa zuwa saman ɓangaren sakata, ta daina jan ƙasa.

Kankare tsohon fenti shi ya fi cin lokaci. An yi da makankari da buroshin waya, aka bi da sanfefa mai lamba 60 sannan 80. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, don haka an riƙa yayyafa ruwa ana gogewa, ma'aikata da takunkumi, an shimfiɗa leda ta tare ɓarɓashi, yara kuma an hana su wurin. Ba a ƙona shi da wuta ba. Inda baƙin funfuna ya kama an wanke da bilic kashi 1 ruwa kashi 3, an bar shi minti 15, an ɗauraye, an ba shi kwana uku ya bushe.

Maimakon fenti mai yin fata an zaɓi mai na katako mai launi, wanda ke nutsewa ciki. Irin wannan in ya tsufa kodewa yake yi, ba ya ɓarewa, sabuntawa kuma wanki ne da shafe ɗaya, ba kankara. Launin ba ado ba ne kawai, shi ke tare hasken rana da ke cinye fuskar katako ya mayar da ita toka-toka. Banish mai sheƙi kuwa na cikin ɗaki ne, a ranar Kano da wuya ya yi shekara. Fuska biyu da gefuna da gicciye sun kai murabba'in mita 70. Shafen farko kan katako mai kaushi lita ɗaya tana rufe kamar mita 5, lita 14 ke nan. Na biyu kamar mita 8, lita 9. An sayi galan 6 masu lita 4. Ana bin inuwa: fuskar yamma da safe, ta gabas bayan la'asar, don katako mai zafi yana busar da mai kafin ya shiga. Duk wurin da zarto ya taɓa an shafa har sai ya daina sha. Tsummokaran da suka sha mai an shanya su a buɗe, ba a dunƙule su a kwali ba, don irin wannan man yana iya zafi ya kama wuta da kansa. Guntayen da suka sha magani kuma ba su shiga murhu ba.

Ragunan an yi musu shamaki da bututun ƙarfe ƙafa 1 daga shingen, an mayar da bahonsu ɗaya ɓangaren.

Bayan damina ɗaya

An sake dubawa a watan Oktoba. Dirkoki taran da ke kan ƙarfe gindinsu a bushe, sai dai notocin sun ɗan saki, aka ƙara ɗaurewa, za a kuma sake a Fabrairu in katako ya tsuke. A Agusta mai shara ya ga hanyar gara siririya ta hau kankare ɗaya a gefen kunyoyi, inda ba a zuba magani ba. An karya ta, an bi ta har inda ta fito, an tarar da tarin busasshen ganye, an kwashe. Ba ta kai katako ba.

Abu biyu ba su tafi daidai ba. Indararon ɗakin maigadi ba a karkatar da shi ba sai tsakiyar Yuli, falankai biyar da ke ƙarƙashinsa sun yi baƙi, sai da aka sake wanke su aka shafa. Ɗaya daga cikin dirkoki huɗun da aka bari a ƙasa kuma, wadda ta fi kusa da kunyoyi, ta fara laushi a ƙarƙashin kwaltar. Sukudireba ta shiga kusan rabin inci. Za a ɗora ta kan ƙarfe a Nuwamba, sauran ukun a ci gaba da sokawa kowace shekara.

Man ya fi kodewa a fuskar yamma. Gwajinsa da sauƙi: a yayyafa ruwa, in ya taru ɗigo-ɗigo da saura, in ya nutse nan take katakon ya yi duhu lokaci ya yi. Ta yamma ta sha nan take, za a shafa mata ɗaya a Maris, kimanin lita 4 zuwa 5. Ta gabas za ta iya jiran wata shekara, ban da kawunan falankai, su kowace shekara ne.